Na buga virsh destroy, VM ɗina ya tafi kenan?

Nura: Assalamu alaikum ƴan gida. Don Allah agaji nake nema. Jiya da daddare na samu na haɗa VM ɗina na farko (wato kwamfutar ƙarya da ake kunnawa a cikin kwamfuta) a kan Debian Linux, har wajen ƙarfe 2 ina fama, yau da safe na kunna shi ya daskare, sistem ɗin gaba ɗaya ma yana jan ƙafa ko maus da ƙyar yake motsi, sai na ga wani ya rubuta wai a buga virsh destroy (virsh shi ne kwamand ɗin juya VM), ni kuma ban tsaya wani tunani ba na buga. Sai da na danna enta sannan ma'anar kalmar, wato rusawa, ta faɗo min a rai. Na kashe sistem na sake kunnawa, na buga virsh list, wayam babu komai. Shikenan aikin dare guda ya tafi? Ga datar da na ƙona a kai wlh

Bash: Wa alaikumus salam. Inna lillahi 😂 kai ma wa ya aike ka? Ga VirtualBox nan da maɓallansa manya-manya, wanda ko ƙanina ɗan JSS zai iya dannawa, ka tafi kana rubuce-rubuce a baƙin allo kamar mai duba

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura kwantar da hankalinka, babu abin da ka goge. Sunan ne kawai mai ban tsoro. destroy a wajen virsh daidai yake da ka je ka zare wayar kwamfuta daga jikin soket, ta mutu nan take ba sallama, amma kwamfutar tana nan a kan tebur. Kuma virsh list shi kaɗai waɗanda suke kunne yake nunawa. Buga wannan:

virsh list --all

Nura: Na buga Malam. Layi biyu kawai ya fito, Id Name State da ɗigo-ɗigo a ƙasa. Babu komai a ciki 😭

Bash: Toh fa. Allah ya jiƙan VM

Malam Habu: Bash ka bar yaro ya numfasa mana. Nura tambaya ɗaya, lokacin da ka haɗa shi jiya, da sudo (wato da ikon rut, babban akawun mai iko da komai) ka buga virt-install ɗin ko babu sudo?

Nura: Da sudo. Da safen ma da sudo na buga destroy ɗin. Yanzu ne dai ban sa ba

Malam Habu: Shikenan an gano ɓarawon. Buga

virsh -c qemu:///system list --all

Nura: ALLAHU AKBAR ga shi nan!! gwaji, shut off. Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, wlh har gumi ya keto min

Malam Habu: Amin. Abin da ya faru, libvirt, wato manhajar da take kula da VM ɗin, gida biyu gare shi. Akwai qemu:///system, shi ne babban gida na rut, akwai kuma qemu:///session, ɗan ɗakin da kowane mai amfani yake da nasa. Da ka sa sudo a babban gida aka haifi VM ɗin, da ka cire sudo sai virsh ya leƙa ɗakinka ya ga babu kowa ya faɗa maka gaskiya. A Debian da Fedora wannan ya sha kama mutane. Gyaran dindindin abu biyu ne. Na farko ka shiga gurup ɗin libvirt:

sudo usermod -aG libvirt $USER

sai ka fita daga akawun ɗinka ka sake shiga, in ba haka ba ba zai kama ba. Na biyu ka ƙara wannan layin a ƙarshen .bashrc ɗinka

export LIBVIRT_DEFAULT_URI=qemu:///system

daga nan virsh kai tsaye babban gida zai riƙa nufa, ka huta da sudo.

Anti Zee: Nura barka da arziki. Amma ba a gama ba fa, ba ka faɗa mana me ya daskarar da shi tun farko ba. Ram nawa ne a sistem ɗin, nawa ka ba VM ɗin?

Nura: HP ne Anti, na hannu na saya, ram 8GB. Na ba shi 6GB, na ga kamar in na ba shi da yawa zai fi gudu

Anti Zee: Ai kuwa ka ga gudu 😂 Ka yi baƙo ka ba shi gado da katifa da bargo kai ka kwana a tabarma a tsakar gida. Debian ɗin da ke ƙasa ita ma tana cin abinci fa, ga burauza na san shafi ashirin ka buɗe kana neman taimako. In babu destof a cikin VM ɗin, wato taminal kawai ne, 1GB ya ishe shi, in ka matsa 2GB. Tunda a kashe yake yanzu yi wannan

virsh setmaxmem gwaji 2G --config
virsh setmem gwaji 2G --config

sai ka tayar da shi da virsh start gwaji

Nura: Na yi. Amma start ya ƙi, ya kawo ero, wai network 'default' is not active

Malam Habu: Wannan ma tsohon ciwo ne. Da ka kashe sistem ka kunna, netwok ɗin VM bai tashi da kansa ba.

virsh net-start default
virsh net-autostart default

Na biyun shi ne zai hana ka sake dawowa nan gobe da wannan kukan. Abin da default ɗin yake yi shi ne ya ƙirƙiri wata gada a cikin sistem ɗinka mai suna virbr0, ya raba wa VM adireshi daga 192.168.122.x, su kuma su fita intanet ta bayan sistem ɗinka, kamar yadda wayoyi suke fita ta bayan hotsfot.

Nura: Ya tashi! Domain 'gwaji' started

Bash: To yanzu ku duba fisabilillahi. Ero uku cikin minti ashirin, kuma ba a fara aikin komai ba tukuna, kunnawa kawai ake. Ni ban ce kwamand layin ba shi da amfani ba, amma mutumin da jiya-jiya ya fara, me ya sa za a jefa shi rijiya? A VirtualBox New, Next, Next, Finish, ka gama. Yaron nan Linux yake son koya a cikin VM, ba wai yana son ya zama makanikin VM ba. Wanda yake son koyon tuƙi ba sai ya fara da kwance injin mota ba

Malam Habu: Bash maganarka da ƙamshin gaskiya, kuma ni ba na cikin masu ganin danna maus abin kunya ne. A gida ni ma virt-manager, mai taga da maɓallai, nake buɗewa in zan sa Windows, don waye zai zauna yana saka Windows a makance. Amma tambayi Nura me yake nema.

Nura: Ni aikin saba nake son koya Malam, irin su sa nginx, ssh, da docker daga baya. Wani yayana ya ce in na iya zai sa ni a wajen da yake aiki

Malam Habu: To ka ji. Saba ba ta da allo Bash. Wajen da nake aiki injin yana wani ɗaki a kulle da AC, ban fi sau biyu ina ganinsa da ido a wata ba. Ranar da abu ya tsaya ƙarfe 11 na dare ina gida, netwok sanda ɗaya, babu wani taga mai hoto da zai buɗu a wannan netwok ɗin. Amma rubutu yana wucewa. Daga waya ma na sha yi da Termux, in shiga ta ssh, hanyar shiga inji daga nesa, in buga virsh start in koma barci. Kai in a kan sistem kake ba sai ka shiga ba ma

virsh -c qemu+ssh://sunanka@adireshin-saba/system list --all

kana zaune a ɗakinka kana juya injin da ke wani gari. Sannan abin da ka danna da maus jiya, yau ka manta me ka danna. Abin da ka rubuta yana nan a history, ka kwafe shi a fayil ka mai da shi sikirif, gobe ka haɗa VM biyar kafin shayinka ya huce.

Bash: VirtualBox ma yana da VBoxManage ai. VBoxManage list vms, VBoxManage startvm suna --type headless, duk ana yi

Malam Habu: Ana yi mana. Ka ga kai ma ka shigo baƙin allon da kake zagi 😄

Bash: 😂😂 an kama ni. Amma gaskiya haɗa sabon VM da VBoxManage azaba ne, createvm, modifyvm, createmedium, storagectl, storageattach, kafin ka gama gemu ya fito maka. Shi ya sa nake danna Next abina

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Ni tambaya gare ni ta jahilci, a yi haƙuri. Ina jin KVM, ina jin QEMU, ina jin libvirt, ina jin virsh, wai duka abu guda ne ko ko? Kullum in na karanta sai kaina ya ɗaure

Anti Zee: Ba tambayar jahilci ba ce, ni ma na yi wata da watanni ina haɗa su waje ɗaya. Ka ɗauka tashar mota ce. KVM shi ne injin motar, yana cikin kanel ɗin Linux tun 2.6.20 a 2007, aikinsa ya bar VM ya yi amfani da furosesarka kai tsaye. QEMU shi ne gangar jikin, shi yake ƙirƙiro faifan ƙarya, katin netwok na ƙarya, allo na ƙarya, har VM ya yarda cewa shi kwamfuta ce ta gaske. Wani Bafaranshe ne Fabrice Bellard ya fara shi, shi ne dai mai FFmpeg. libvirt shi ne ofishin tasha mai riƙe da littafi, wace mota ce ke layi, wacce ta tashi, nawa za ta ɗauka. virsh kuma ɗan kamasho ne, kai kake faɗa masa shi kuma ya kai ofis. virt-manager ma ɗan kamashon ne, shi dai ya sa kaya masu kyau. Shi ya sa VM ɗin da ka haɗa da virt-install za ka gan shi a virt-manager, littafi ɗaya suke dubawa.

Malam Habu: Hajiya wannan misalin zan sace shi, na faɗa miki tun yanzu

Ɗan Maraɗi: Madalla, yanzu na gane. To ga matsalata. Ni nawa yana tashi amma tafiyar hawainiya yake, instalasiyon ɗin Ubuntu ya kwashe min fiye da awa biyu, fanka tana ta kuka kamar injin niƙa. Ordinatar ɗin ba tsohuwa ba ce can, Core i5 ce da ram 16

Malam Habu: Ina zargin babu inji a motarka, turawa ake 😄 Wato QEMU shi kaɗai yake aiki babu KVM, yana kwaikwayon furosesa umarni bayan umarni. Buga waɗannan ka turo abin da suka ce

ls /dev/kvm
virt-host-validate

Ɗan Maraɗi: Na farko ya ce babu fayil ɗin. Na biyu ja ya fito a sama, FAIL

Malam Habu: To a BIOS aka kashe shi. Sistem da yawa haka suke zuwa, musamman na hannu da suka fito daga ofisoshi. Kashe ta, kunna, ka yi ta danna maɓallin BIOS tun kafin tambari ya ɓace, HP galibi F10, Dell F2, ThinkPad F1. Ka nemi inda aka rubuta Virtualization Technology ko VT-x, in AMD ce za ka ga SVM ko AMD-V, ka kunna ka yi sebin. In ka dawo /dev/kvm zai bayyana. Amma ka kula, VM ɗin da ka riga ka haɗa an rubuta shi a matsayin qemu zalla, buga virsh edit da sunansa ka duba layin farko, in ka ga domain type='qemu' ka mai da shi 'kvm'. Ko ka sake haɗa sabo kawai, wannan karon ba zai kai rabin awa ba.

Ɗan Maraɗi: Dell ce. Bari in gwada, in kun ji shiru na ɓata a cikin BIOS

Sadiq: Mu kuma ƴan Windows a ina muka tsaya? Ko sai mun yi hijira

Anti Zee: Ba sai ka yi ba. In Ubuntu kawai kake so ka gwada Multipass na Canonical, shi ne mafi sauƙin duk abin da aka ambata a nan

multipass launch --name gwaji --memory 1G --disk 10G
multipass shell gwaji

layi biyu ka shiga. A Windows Pro yana hawa kan Hyper-V, in Home gare ka babu Hyper-V sai ka sa masa VirtualBox a ƙasa. In ka gaji da shi multipass delete gwaji, amma bai tafi ba sai ka bi da multipass purge. In kuwa taminal ɗin Linux kawai kake buƙata ba cikakkiyar saba ba, WSL ma ya ishe ka

Sadiq: Home ne. Toh VirtualBox ɗin Bash dai ba a tsira daga gare shi ba

Bash: Ai gaskiya ba ta ɓuya 😎

Malam Habu: Tunda an zo nan, gargaɗi ga masu son haɗa biyun a kan Linux ɗaya. VirtualBox da KVM kishiyoyi ne, ba sa son raba furosesa a lokaci guda. In VirtualBox ya kawo maka VERR_VMX_IN_VMX_ROOT_MODE to KVM ne ya riga shi shiga ɗaki, sai ka kashe VM ɗin KVM duka ka buga sudo modprobe -r kvm_intel, ko kvm_amd in AMD ce. Sabon shiga dai ya zaɓi ɗaya ya zauna da ita.

Nura: Malam wata kuma. Ya tashi amma yaya zan shiga ciki ba tare da wannan tagar ba? Na buga virsh console gwaji ya rubuta Connected to domain, Escape character is ^] daga nan ya yi shiru, na danna enta har na gaji, kuma na kasa fita, Ctrl C ma ba ya ji

Malam Habu: Fita dai Ctrl da ] tare, ya ma faɗa maka a wannan layin, ^ ɗin nan Ctrl yake nufi. Shirun kuma saboda Debian ɗin da ke ciki ba ta san ana jiranta a ƙofar siriyal ba. Shiga ta tagar sau ɗaya, virt-viewer gwaji, ka buga a ciki

sudo systemctl enable --now serial-getty@ttyS0.service

daga nan console zai riƙa ba ka login. Amma tunda saba kake koyo, hanyar da za ka saba da ita ssh ce. Ka tabbata akwai openssh-server a ciki, sai daga waje ka buga virsh domifaddr gwaji ya ba ka adireshinsa, ka shiga kamar yadda za ka shiga injin da ke Legas. Console ka ajiye shi don ranar da ka lalata netwok ɗin ciki da hannunka, kuma ranar tana nan zuwa.

Anti Zee: Ni bari in yi maganar da ta fi damuna, data. Nura ka ce ka ƙona data, kuma na san gobe za ka so VM na biyu da na uku don ka gwada su yi magana da juna. Kada ka sake zama kana instol daga ISO, wato fayil ɗin instalasiyon, kowane lokaci, Ubuntu Server kaɗai ya haura 2GB. Akwai abin da ake kira cloud image, faifai ne da aka riga aka yi wa instol, na Debian ƴan ɗaruruwan MB ne. Ka sauke sau ɗaya da datar dare, ka ajiye shi a /var/lib/libvirt/images a matsayin uwa, kada ka taɓa kunna shi. Duk sanda kake son sabon VM sai ka haifar masa ɗa

sudo qemu-img create -f qcow2 -b /var/lib/libvirt/images/uwa.qcow2 -F qcow2 /var/lib/libvirt/images/lab1.qcow2 15G

ɗan nan ƴan KB ne a farko, abin da ya canza kawai yake rubutawa, sauran yana karantawa daga uwar. Sai

virt-install --name lab1 --memory 1024 --vcpus 1 --import --disk /var/lib/libvirt/images/lab1.qcow2 --osinfo debian12 --cloud-init --graphics none

zai nuna maka fasiwod na wucin gadi na rut, yi sauri ka kwafe don ba ya jira sosai, kafin minti biyu kana ciki. In ya ce bai san debian12 ba ka buga virt-install --osinfo list ka ga sunayen da ya sani, debian11 ma yana yi. Abu biyu da suka taɓa cizona, ɗaya ka ɗauki fayil mai suna generic, ni genericcloud na fara ɗauka ya ƙi ganin faifan cloud-init na yini ina zagin kaina, biyu kuma in ka goge uwar ko ka matsar da ita ko ka kunna ta, duk ƴaƴan sun zama marayu lokaci guda.

Nura: Anti wannan 15G ɗin fa? SSD ɗina 256 ne kuma ya kusa cika

Anti Zee: Alkawari ne kawai ba a cire ba tukuna. qcow2, wato fayil ɗin faifan VM, yana girma ne gwargwadon abin da aka zuba masa. qemu-img info da sunan fayil ɗin zai nuna maka biyu, virtual size da disk size, na biyun shi ne na gaskiya. Sai dai kada alkawuran su fi ƙarfin aljihu, in SSD ya cika VM zai tsaya cak ka gan shi paused. In kuma datar ce babu sam, Alpine suna da ISO na musamman don VM bai kai 100MB ba, yana tashi a ram 512MB ba tare da ƙorafi ba

Bash: Alpine sai dai in yana son sabon ciwon kai, babu systemd babu apt, duk darasin da zai gani a intanet ba zai dace ba

Anti Zee: Na yarda, don gwajin virsh kawai na ce. Karatun saba ya tsaya a Debian

Malam Habu: Ƙarin bayani kan inda Hajiya ta ce a ajiye fayil. Ba ado ba ne. In ka bar ISO a Downloads za ka iya cin karo da Permission denied, saboda a babban gida ba kai ne kake kunna VM ba, wani akawun ne na musamman, libvirt-qemu a Debian, kuma ba lallai yana da izinin leƙa gidanka ba. Kada ka ce za ka gyara da chmod 777, matsar da fayil ɗin kawai.

Ɗan Maraɗi: Na dawo da rai. An kashe shi kuwa a BIOS. Yanzu PASS kore, na gyara type ɗin, wallahi kamar an canza min ordinatar, fankar ma ta yi shiru. Allah ya biya

Malam Habu: Madalla. To tunda Nura ya tsorata da destroy, bari in nuna muku wanda ya kamata a ji tsoro. shutdown roƙo ne, kana cewa don Allah ka rufe, VM zai iya yin kunnen uwar shegu in ya daskare. destroy zare waya ne. undefine shi ne goge suna daga littafin tasha, amma faifan yana nan. Sai kuma undefine --remove-all-storage, wannan babu tambaya babu ka tabbata, babu kwandon shara da za ka je ka tono. Shekarun baya ina da VM biyu, ɗaya web1 ɗaya web1-test. Bayan la'asar ne, na gaji, ana ta kirana a waya, na rubuta web na danna Tab ya cike min web1 ya tsaya yana jiran in ƙarasa, ni kuma na ɗauka ya gama, na ƙara --remove-all-storage na danna enta. Ina kallo ya rubuta Volume removed. Na fi minti biyar ina kallon allon nan ban motsa ba. Abin da ya cece ni kwafin da na yi kwana huɗu kafin nan a wani faifai na waje, aikin kwana huɗun kuwa da hannu na sake shi har asuba. Tun daga ranar ba na sa wa na gwaji suna mai kama da na gaske, kuma kafin undefine sai na buga virsh domblklist na karanta sunan faifan da baki kamar mai karatun allo.

Bash: Kai Malam 😭 a VirtualBox da sai ya tambaye ka

Malam Habu: Da ya tambaya. Kuma a gajiyar da nake ranar da na danna eh

Nura: To ni yanzu yaya zan kare kaina? Batirin sistem ɗin nan minti goma ne, in aka ɗauke wuta ina ciki fa?

Anti Zee: Kafin ka taɓa duk abin da ba ka da tabbas a kai

virsh snapshot-create-as gwaji kafin-nginx

in ka ɓata, virsh snapshot-revert gwaji kafin-nginx, ka koma kamar ba a yi ba. Wannan shi ne daɗin VM gaba ɗaya, ka yi ɓarna ba mai dukanka. Wuta kuma, da an ɗauke ka buga virsh managedsave gwaji, zai kwashe abin da ke cikin ram ya zuba a faifai ya kashe, in wuta ta dawo virsh start zai ci gaba daga daidai inda ka tsaya, har fayil ɗin da ka bari a buɗe. Da ram 2GB a SSD ba ya daɗewa, minti gomanka ya isa har da canji

Malam Habu: Amma kada ka ɗauki sinafshot a matsayin ajiya. Irin wannan a cikin qcow2 ɗin yake zaune, in fayil ɗin ya lalace ko SSD ya mutu tare za su tafi, kamar ka ɓoye safayar makulli a cikin ɗakin da ka kulle. Ajiya ta gaske ka kashe VM, ka kwafi qcow2 ɗin zuwa filash ko faifan waje, ka haɗa da

virsh dumpxml gwaji > gwaji.xml

ranar tsiya ka mayar da faifan inda yake, virsh define gwaji.xml, ya dawo. In mai uwa ne irin na Hajiya ka kwafi uwar ma. In kuma wuta ta yanke maka ba shiri, kafin ka kunna ka buga sudo qemu-img check a kan faifan ka ji lafiyarsa.

Sadiq: Ni fa tambayata, in ina so wayata ta buɗe shafin da ke cikin VM ɗin, ya ake?

Malam Habu: A default ba za ta gan shi ba, yana ɓoye a bayan sistem. Sai an yi gada ta gaske da katin netwok, kuma gadar ba ta cika yiwuwa a kan wayafai ba, sai da kebul. Wannan hirar wata rana ce, in muka buɗe ta yanzu ba mai yin magariba a kan lokaci.

Nura: Jama'a na shiga!! domifaddr ya ba ni 192.168.122.47, na yi ssh, ga ni a ciki, na yi sinafshot ma. Na sa nginx na buɗe adireshin a burauza ta nuna min shafin maraba. Wlh ji nake kamar na gina gida

Anti Zee: Barka 👏 yanzu ɓata shi da gangan ka gwada revert, gara ka koya yau da babu komai a ciki

Bash: Barka Nura. Malam Habu wannan layin na qemu-img mai uwa da ɗa, yana aiki a Fedora? Tambaya kawai nake, ba wai na sauya sheƙa ba

Malam Habu: Yana yi. Kuma layin na Hajiya ne, ita za ka tambaya 😄

Nura: An ɗauke wuta. managedsave na ce ko? bari in yi sauri